Sulken Ƙarfe da Zagon Ƙasa: Abin da Ke Cikin Labarin Iron Man

 

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar makaranta da safe ya dubi jakunkunan 'yan aji ɗaya, zai ga fuskar nan ta ƙarfe, ja da ruwan zinare, mai idanu kamar fitilar mota. Tana jikin jaka, tana bayan littafi, tana kan gwangwanin fensir. Da yawa daga cikinmu sun kalli fim ɗinsa a waya, bayan an tura musu shi a shagunan masu tura fina-finai na Kankiya ko na Kusada. Amma da muka zagaya ajujuwa muna tambaya, "A kan me ake faɗa a labarin Iron Man?" amsar da muka fi ji ita ce: yana tashi sama, yana harbi da tafin hannu.

Da muka bibiyi labarin tun daga tushe, sai muka tarar manyan rigingimunsa duk a kan kasuwanci suke: kwangila, hannun jari da satar fasaha. Maƙiyansa mafi haɗari 'yan kasuwa ne masu sanye da kwat, suna zaune a ofis. Akwai kuma wani dalili da ya sa muka zaɓi wannan batu, wato abin da ya sami ƙungiyar kimiyya a zangon da ya wuce. Za mu zo kansa a ƙarshe.

DAGA INA YA FITO?

Tun kafin a yi fim, Iron Man labari ne na mujallar zane, irin wadda ake ba da labari da hotuna a jere, maganar kowa tana cikin ɗan da'ira kusa da bakinsa. Kamfanin Marvel na Amurka ne ya fara fito da shi a watan Maris na 1963, a fitowa ta 39 ta wata mujalla mai suna Tales of Suspense. Mutum huɗu suka haɗa hannu: Stan Lee da ƙanensa Larry Lieber a wajen labari, Don Heck da Jack Kirby a wajen zane. A 1968 aka ba shi mujalla tasa ta kansa. Fim ɗin da muka sani, wanda Robert Downey Jr. ya fito a ciki, sai a 2008 aka yi shi, shekara 45 bayan fitowar farko.

Tauraron labarin shi ne Tony Stark, attajiri, injiniya, mai kamfanin ƙera makamai. A labarin farko ya je Biyetnam lokacin yaƙi, bam ya tashi da shi, wani ɓurɓushin ƙarfe ya shige ƙirjinsa yana matsawa zuwa zuciya. Abokan gaba suka kama shi suka ce ya ƙera musu makami. Shi kuwa, tare da wani tsohon masani da ke tsare a wurin, Farfesa Yinsen, sai ya ƙera allon ƙirji da zai riƙe masa rai, ya ɗora sulke a kai, ya fasa ya fita. Sulken farko launin toka ne, jibgege kamar tukunyar ƙarfe. Ja da ruwan zinaren nan sai a ƙarshen 1963 ya zo. A fim an mayar da wurin Afganistan.

Ku riƙe abu ɗaya, don zai yi amfani nan gaba. A cikin mujallar, shekaru da yawa mutane ba su san Stark ne a cikin sulken ba. Abin da aka gaya wa duniya shi ne Iron Man mai tsaron lafiyar Stark ne, kuma ma'aikacin kamfaninsa. Saboda haka duk abin da Iron Man ya yi, alheri ko ɓarna, sunan kamfanin ne ke ɗauka.

SULKE BA BAƘONMU BA NE

Wanda ya taɓa zuwa kallon hawan salla a Ƙofar Soro a Katsina, inda hakiman ƙasar nan kan zo da dawakansu su yi wa Sarki gaisuwa, ya ga 'yan sulke da 'yan lifida. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna. Lifidi kuwa tufa ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki da mahayinsa. Kwalkwali yana kare kai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke cikin kayan yaƙi. Ke nan fiye da shekara 600 da suka wuce kakanninmu sun san wannan fasaha.

Sun kuma san iyakarta. Lifidi yana tare kibiya, amma yana da nauyi, kuma auduga ba ta shiri da wuta. Mai sulke yana dogara da maƙerin da ya haɗa zobban, da baran da ya ɗaura masa sirdi. Idan aka sassauta majayi da gangan tun daga gida, jarumi zai faɗi tun bai ga abokin gaba ba. Wannan shi ne zagon ƙasa: a lalata abu daga ƙarƙashi, a ɓoye, yadda mai shi ba zai sani ba sai ranar da ya jingina da shi. Labarai uku da za mu kawo duk a kan wannan suke tafiya.

NA FARKO: HANNUN DA YA YI HARBI BA DA IZININ MAI SHI BA

A 1979, daga fitowa ta 120 zuwa ta 128, David Michelinie da Bob Layton suka rubuta labarin da aka fi sani da Demon in a Bottle, ma'ana shaiɗanin cikin kwalba. John Romita Jr. ne ya zana yawancinsa. A nan aka fara ganin Justin Hammer, wani dattijon ɗan kasuwa mai kamfani irin na Stark.

Sulken ya fara yi wa Stark gardama. Yana cikin tafiya a sararin sama sai ya ƙwace masa. Ya kai shi ɗakin gwaji, ya duba ciki da waje, bai ga wata matsala ba. Ya ci gaba da sa shi. Ana nan sai aka shirya wani biki, inda Iron Man zai wakilci kamfanin a gaban jakadan wata ƙasa ta cikin labari mai suna Carnelia. Ana ɗaukar hoto, hannunsa na bayan jakadan, sai makamin tafin hannun ya tashi da kansa. Jakadan ya mutu nan take, a gaban idon jama'a. Hukuma ta ce Stark ya miƙa sulken, ya miƙa.

Daga baya gaskiya ta fito. Hammer ne ya sa aka ƙera wata na'ura da ke sarrafa sulken daga nesa, kamar yadda muke canza tashar talabijin da rimot. Dalilinsa kuwa kwangila. Shi da Stark sun nemi wani babban aiki a ƙasar jakadan, aka ba Stark. Maimakon ya koma ya gyara kayansa ko ya rage farashi, sai ya zaɓi ya ɓata sunan wanda ya ci. Lissafinsa mai sauƙi ne: wace ƙasa ce za ta ci gaba da hulɗa da kamfanin da ma'aikacinsa ya kashe mata jakada?

Stark ya bi sawu ba tare da sulke ba. Ya je wurin Captain America ya koyi faɗa da hannu, ya tafi Monako tare da abokinsa matuƙin jirgi James Rhodes, ya gano cewa gidan Hammer wani ƙaton gini ne da ke yawo a kan teku. Ya lalata na'urar, ya wanke sunansa. Sai dai wata cutar ta riga ta kama shi. Nauyin abin da ya faru ya tura shi ga giya, har ya kai ga yi wa amintaccen hadiminsa Jarvis tsawa cikin maye, dattijon ya ajiye aiki. Wata abokiyarsa, Bethany Cabe, ita ce ta tsaya a kansa har ya yarda yana da matsala, ya nemi gafarar Jarvis, ya daina sha. Shi ya sa aka sa wa labarin sunan kwalba.

NA BIYU: WANDA YA CI GARI BA TARE DA HARBI BA

Daga 1982 zuwa 1985, marubuci Denny O'Neil ya kawo wani abokin hamayyar, Obadiah Stane, wanda ya fara bayyana a fitowa ta 163. Stane gwanin ces ne, wato darar Turawa, kuma haka yake kallon kasuwanci: kowane mutum ɗan dara ne da za a tura a ci da shi. Ya yi nazarin Stark ya gano inda bangonsa ya tsage, wato tsohuwar jarabar giya. Ya turo masa hare-hare ɗaya bayan ɗaya don ya gajiyar da shi. Ya haɗa kai da wasu 'yan kasuwa suka toshe masa hanyoyin ciniki. Ya turo wata mace ta yi kamar tana ƙaunarsa, sannan ta wulaƙanta shi a lokacin da ya fi rauni. Stark ya koma ga kwalba.

Yayin da mai gida yake cikin maye, Stane ya mamaye kamfanin, ya canza masa suna zuwa Stane International. Stark ya rasa dukiya, ya rasa gida, har ya kwana a titi cikin sanyi. Rhodes ne ya ɗauki sulken ya ci gaba da aikin Iron Man a madadinsa.

Ga masu karatun kasuwanci a cikinmu, ga yadda ake mamaye kamfani. Babban kamfani ana raba mallakarsa ƙanana-ƙanana, kowane yanki shi ne hannun jari. Wanda ya tara mafi rinjaye shi ke da ta cewa wajen naɗa shugabanni. Idan kamfani ya shiga matsala, darajar hannun jarinsa takan faɗi, bashi ya yi masa yawa, masu hannun jari su fara sayarwa da araha. Mai son mamaya sai ya bi yana saye. Sayen kansa halal ne a doka. Laifin Stane shi ne shi ya haddasa matsalar da gangan don kaya su yi araha, kamar mutumin da ya saki awaki a gonar maƙwabci da dare, da safe ya zo yana tayin gonar.

Stark ya farfaɗo, ya daina sha, ya koma Kalifoniya ya fara ƙaramin kamfani da abokansa. Stane ya sa aka dasa bam a wurin, ɗaya daga cikin abokan ya mutu. A fitowa ta 200, a 1985, suka haɗu gaba da gaba. Stane ya sa wani ƙaton sulke mai suna Iron Monger, wanda injiniyoyinsa suka haɗa daga takardun da Stark ya bari a ofis. Ya sha kaye, kuma da ya ga haka sai ya hallaka kansa. Wanda ya kalli fim ɗin 2008 zai gane sunan, ko da yake a can an mayar da Stane abokin aikin mahaifin Stark.

NA UKU: YAƘIN SULKE

Wannan shi ne wanda ya fi jan hankalinmu. An buga shi daga ƙarshen 1987 zuwa 1988, farawa daga fitowa ta 225. Michelinie da Layton ne suka dawo, Mark Bright ya yi zane. Sunansa Armor Wars, wato yaƙe-yaƙen sulke.

Wata rana Stark yana duba sulken wani tsohon ɗan ta'adda da ya tuba, mai laƙabi Force. Yana buɗe cikinsa sai ya ga aikin hannunsa. Tsarin da ya ɓoye wa duniya, ga shi a jikin kayan wani. Bincike ya nuna wani ɗan leƙen asirin kamfanoni mai laƙabi Spymaster ne ya sace zanen, ya sayar wa Justin Hammer, shi kuma ya rarraba wa miyagu. Stark ya zauna yana lissafin mutanen da aka kashe ko aka raunata da fasahar da ta fito daga kansa. Barci ya ƙaurace masa.

Ya fara da hanyar shari'a. Lauyoyinsa suka nuna masa abin zai ɗauki lokaci, kuma hujjar da yake da ita ba ta hanyar da kotu za ta karɓa ya same ta ba. Sai haƙurinsa ya ƙare. Ya ƙera wata 'yar na'ura da in aka manna ta a jikin sulke take ƙona tsarin da aka sata, ya rubuta jerin sunaye, ya shiga bi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko masu laifi ya bi, kowa ya yaba. Daga nan ya afka wa Stingray, ma'aikacin gwamnati mai sulken shiga ruwa, bisa zato kawai. Bayan ya buge shi ya manna na'urar, sai ta ƙi aiki, don babu komai na Stark a cikin sulken. Ya daki marar laifi. Gwamnati ta fusata, dole Stark ya fito ya sanar wa duniya cewa ya kori Iron Man daga aiki, wato ya kori kansa da kansa. Duk da haka bai tsaya ba. Ya lalata sulkunan masu gadin wani kurkuku na manyan masu laifi, wanda hakan ya ba wasu fursunoni damar tserewa, kuma a nan ya buge tsohon amininsa Steve Rogers, wato Captain America. Ya tsallaka Tarayyar Sobiyat, inda wani mai sulke da ake kira Titanium Man ya mutu a faɗan da suka yi. Ƙungiyar jaruman da yake ciki ta kore shi.

A ƙarshe gwamnati ta turo masa wani ƙaton sulke mai suna Firepower, wanda kamfanin wani abokin hamayyarsa, Edwin Cord, ya ƙera. Stark ya sha kashi, ya yi dabara aka ɗauka Iron Man ya mutu. Cord kuwa ya ƙi mayar da makamin, ya juya shi kan masana'antu da kayan kamfanin Stark yana rugurguzawa. Dole Stark ya ƙera sabon sulke ya dawo ya karya shi.

Ya ci nasara, amma ku dubi abin da ya biya: aminci da abokansa, yardar hukuma, da ran mutum guda. An zalunce shi da gaske, satar gaskiya aka yi masa. Amma daga ranar da ya mayar da kansa mai ƙara, mai bincike da alƙali a lokaci guda, shi ma ya fara zaluntar wasu.

SHIN IRIN WANNAN NA FARUWA DA GASKE?

Sulke mai tashi sama dai zane ne. Sauran kuwa akwai su.

Sarrafa na'ura daga nesa: a 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka sun nuna za su iya shiga kwamfutar wata mota ƙirar Jeep Cherokee ta intanet, alhali tana tafiya a kan titi da wani ɗan jarida a ciki da saninsa. Sun kunna rediyo da abin share gilashi, sun hana motar ja. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don a gyara. Abin da Hammer ya yi a zane a 1979, an gwada shi a zahiri bayan shekara 36, sai dai waɗannan don gargaɗi suka yi.

Satar sirrin kamfani: a 2006 wata sakatariya a hedikwatar Coca-Cola da ke Atlanta, tare da wasu maza biyu, sun yi ƙoƙarin sayar wa Pepsi takardun sirri da samfurin wani sabon abin sha. Pepsi, babban abokin hamayyar Coca-Cola, bai saya ba. Ya sanar da Coca-Cola, aka kira hukumar FBI, aka kama su. An yanke wa matar ɗaurin shekara 8 a 2007. Ga kamfani biyu da suka shafe shekaru suna kokawa a kan kwastoma, amma da ɓarawo ya zo, ɗaya ya tsare wa ɗaya gida.

A Nijeriya ma doka ta tanadi kariya. Akwai dokar haƙƙin mallakar ƙirƙira ta 1970, wadda ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu ya yi rajistarsa kariya ta shekara 20, ba mai ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa. Akwai kuma hukumar FCCPC mai kula da gasa tsakanin kamfanoni da kare masu saye, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019.

INA IYAKAR GASA?

Ba sai mun je Amurka ba. Mu ɗauki masu shayi biyu a tasha ɗaya a kan hanyar Katsina zuwa Kano. Idan ɗaya ya ga ɗan'uwansa ya fi shi ciniki, ya ƙara madara, ya wanke kofuna, ya fito da wuri, ya saki fuska, wannan gasa ce, kuma mai shan shayi ne ya ci riba. Idan kuwa ya shiga raɗa wa direbobi cewa ruwan wancan ba shi da tsabta alhali ƙarya ne, ko ya bi dare ya huda masa tukunya, ya shiga gonar Hammer. Haka ɗan acaɓan da ya zuba wa abokin layinsa yashi a tanki, ko mai cajin waya da ya lalata wa maƙwabcinsa janareto.

Ga ma'aunin da muka samu: ka tambayi kanka, aikin da nake yi a kan kayana yake ko a kan kayan wani? Sannan, zan iya yin sa da rana a gaban mutane? Mai gasa yana iya faɗin dabararsa a bainar jama'a. Mai zagon ƙasa kullum yana buƙatar duhu. Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa Musulunci ya hana mutum ya shiga cinikin ɗan'uwansa don ya ɓata shi, ya kuma hana ƙara farashi na ƙarya ga wanda ba saye zai yi ba. Hausawa kuma suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

NAMU NA GIDA

Kada a ɗauka sai Bature ke iya irin wannan labari. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya kafa kamfanin YouNeek Studios, kuma a 2015 ya fitar da littafin zane mai suna E.X.O., labarin wani saurayi, Wale Williams, da ya gaji sulke na fasaha daga mahaifinsa, a wani birni da aka siffanta da Legas ta shekarar 2025. Shi ne kuma ya yi Malika, labarin sarauniya mayaƙiya wanda ya samo tushe daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Masu zane a bayan littafin lissafi, mun san ku. Ga sulke, ga lifidi, ga kwalkwali a tarihinmu suna jiran mai zana su.

MU DAWO MAKARANTA

Kowa ya san abin da ya faru a zangon da ya wuce. 'Yan ƙungiyar kimiyya sun shafe makonni suna haɗa ɗan famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da kuɗin da suka tara daga na karin kumallonsu. Ranar baje koli da safe aka kunna, ya ƙi tashi. Da aka buɗe sai aka ga an tsinke wayoyi biyu daga ƙasa, an mayar da murfi yadda yake. Baƙi suna tsaye, yaran suna tsaye, babu abin nunawa.

Kafin azahar an riga an yanke hukunci a bakin famfon makaranta. Wani ɗalibi na wani aji, wanda aka gani kusa da ɗakin gwaji da yammacin jiya, shi aka nuna. Aka yi masa ihu, aka sa masa suna. Wasu har sun fara shawarar a je a farfasa abin da ajinsu ya haɗa. Daga baya ta tabbata malami ne ya aike shi ɗauko tsintsiya. Yaron nan ya yi mako guda bai zo makaranta ba, kuma har yau ba mu ji wanda ya je ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da aka kunyata shi ba. Mu ma a wannan ƙungiya akwai waɗanda suka taya yaɗa maganar, kuma muna amfani da wannan allo mu ce masa ya yafe mana. Wanda ya tsinke wayoyin kuwa har yanzu ba a san shi ba.

Wayoyi biyu aka tsinke, kuma an gyara su cikin minti goma. Abin da bai gyaru ba shi ne yanzu kowane aji yana ɓoye aikinsa, ba mai ara wa wani ko da sukudireba, kuma ɗalibai da dama sun ce ba za su shiga baje kolin bana ba. Ga shi kuwa saura 'yan makonni.

Saboda haka muna miƙa shawara huɗu, da ladabi, ga hukumar makaranta da 'yan'uwa ɗalibai. Na ɗaya, a ajiye kayan baje koli a ɗaki guda mai makulli, makullin yana hannun malami, duk mai shiga ya rubuta sunansa da lokaci. Na biyu, kowace ƙungiya ta riƙe littafin aiki, tana rubuta abin da ta yi da kwanan wata, malami yana sa hannu, don in an yi gardamar wa ya fara kawo dabara a sami abin dubawa. Na uku, a gwada kowane aiki a gaban malami da yammacin jajibiri, a sake gwadawa da safe kafin baƙi su iso. Na huɗu, wanda aka yi wa ɓarna ya kai ƙara wurin malamin aji ko malamin horo, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya bar abin da yake zato. Hanyar tana da jinkiri, mun sani, kuma jinkirin nan ne ya ƙure haƙurin Tony Stark har ya daki Stingray.

Ga wanda ya tsinke wayoyin, idan yana karanta wannan: ƙofar ofishin malamin horo a buɗe take, kuma akwai yaron da yake ɗauke da kunyar da ba tasa ba.

TAMBAYAR WANNAN FITOWA

Da kai ne Tony Stark, ka gano an sace fasaharka ana cutar da mutane da ita, kotu kuma ta ce ka jira, me za ka yi? Rubuta amsarka a takarda, kada ta wuce layi goma, ka sa sunanka da ajinka, ka jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen wannan allo kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshi uku da suka fi ma'ana a fitowa ta gaba, tare da zanen sulke mafi kyau da aka kawo mana. Malamai ma muna jiran taku.

Don Allah a karanta a bar wa na baya, kada a yage, kada a yi rubutu a kai.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.